Wai me ya sa kowa yake ɗaukar miyagun Elfawa a gem ne?

Ɗan_Fagge92 ya rubuta:

Salamu alaikum 'yan gida. Dan Allah ina da tambaya amma kada a yi min dariya, na san wasunku sun tsufa a harkar nan, ni kuwa bara na shigo. Da can ƙwallo kawai nake bugawa a gidan gem na layinmu, sai ƙanina ya saka min wani gem na takobi da sihiri mai suna Skyrim a laftof lokacin da na yi jinyar ƙafa ina kwance babu abin yi, to tun daga nan abin ya kama ni.

Ga abin da ya ɗaure min kai. Mu biyar ne muke buga gem ɗin a majalisarmu, kowa da nasa sebin, wato wasan da ya adana, ran nan muka zauna ana hira sai na gano huɗu daga cikinmu duk Dunmer suka ɗauka, wato Elfawan nan masu fata launin toka da jajayen idanu (Elfawa dai ƙabilar almara ce masu tsinin kunne). Ni kaɗai ne na ɗauki Nord, 'yan Adam 'yan asalin ƙasar Skyrim, don ni a tunanina ƙasar ta Nord ce, to ɗan ƙasa ya kamata ya cece ta. Suka dinga yi min tsiya wai na ɗauki tuwo babu miya.

Da farko na ɗauka tausayi ne, saboda in ka shiga garin Windhelm karon farko za ka tarar da wasu Nord biyu sun tsare wata mata Dunmer a bakin ƙofa suna zaginta, wai 'yar leƙen asiri ce, wai su koma inda suka fito, kuma an cusa su a wata ruɓaɓɓiyar unguwa guda. Ni ma wlh raina ya ɓaci. Amma da na riƙa karanta littattafan da ake tsinta a cikin gem ɗin sai na ga ashe mutanen nan ba kanwar lasa ba ne. A ƙasarsu bayi suke kamawa, suna raina duk wanda ba nasu ba, har ƙungiyar masu kisan kai suke da ita wadda hukuma ta san da zamanta. Na gaya wa ƙanina, ya ce ai saboda haka ma yake son su. Kai! Yaron da ko kaza ba ya iya yankawa.

Kuma na lura ba Skyrim kaɗai ba ne, duk gem ɗin da na leƙa bidiyonsa sai in ga akwai wasu Elfawa masu baƙin tarihi kuma su mutane suke rububi. To wai mene ne sirrin? Halin banzan ne yake burge mutane ko akwai wani abu da ban gane ba?

Kwamanda_Lagwada ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Ɗan uwa kada ka wahalar da kanka da dogon nazari, kyau ne kawai hhhh. Ka ɗauki duk tarihin Dunmer ɗin nan, bautar da mutane, girman kai, komai, ka ɗora wa wata ƙabila mai gajerun ƙafafu da ƙaton hanci da haƙora waje, ka ga ko mutum nawa za su ɗauke ta. Babu. Orc, ƙattin nan masu haƙora waje, ma ai suna da tarihi mai ban tausayi a Skyrim, an rusa musu birni ba sau ɗaya ba, wa ka ga yana kuka a kansu? Mutum zai kwashe awa ɗari yana kallon ƙeyar karakta ɗinsa, dole ya so siriri dogo mai kyan tsayuwa wanda sulke yake yi wa kyau.

Na biyu kuma riba. Dunmer a Skyrim wuta rabin illa take yi masa, gem ɗin kuwa cike yake da dodanni masu feso wuta, ga shi ya iya sihirin hallakarwa tun daga farko. Altmer kuma, Elfawa masu fata ruwan zinariya, ana ba shi ƙarin ma'aunin sihiri har 50 kyauta. Sai mutum ya gama lissafinsa tsaf sannan ya zo yana ce maka wai zurfin labari ne ya ja shi. Zurfin labarin ina, mtsww.

Baba_Telvanni ya rubuta:

Kwamanda ka faɗi gaskiya amma rabinta ka faɗa, ka bar sauran a tukunya.

Ɗan Fagge, ƙanina, matsalarka ita ce daga Skyrim ka fara, ka tarar da Dunmer bayan duniya ta juya musu baya. Ka nemi gem ɗin Morrowind, na 2002, shi ma kamfanin Bethesda da ya yi Skyrim ne ya yi shi, ko tsohuwar kwamfutar ofis za ta ɗauke shi, hotonsa ya tsufa kuma faɗansa zai ba ka haushi don sai ka kai sara goma takobi yana wucewa ta jikin ɓera bai taɓa shi ba, amma ka daure. Ni na fara buga shi ina makaranta, a kwamfutar wani yayan abokina, turancina ma a lokacin bai kai ya kawo ba, da ƙamus a gefe nake bugawa.

A can ne za ka ga Dunmer a gidansu. Ana sauke ka daga jirgin ruwan fursunoni a wani ƙauyen bakin fadama mai suna Seyda Neen, kuma tun daga ranar babu mai yi maka kallon arziki. Kowa baƙo yake ce maka, wasu su ce n'wah, zagi ne nasu na bare ko bawa. Abin da ya fi ba ni mamaki, ko da kai ma Dunmer ka ɗauka ba ka tsira ba, tunda ba a ƙasar aka haife ka ba to kai bare ne, fatarka ba ta cece ka ba. Duk wanda ya taɓa tashi a wani gari ya koma garin iyayensa aka riƙa gyara masa Hausa ana dariya ya san wannan ciwon.

Bautar kuwa ba a littafi kawai take ba, da idonka za ka gani. Gonaki cike da Argonian masu siffar ƙadangare da Khajiit masu siffar kyanwa, kowa da mari a hannu, in ka samo makulli kana iya kwance su. A garin Tel Aruhn kasuwar bayi ce sosai da keji a rataye, kuma babban labarin gem ɗin da kansa sai ya kai ka can ka sayi baiwa, ka saya mata kaya masu tsada da turare, ka kai wa wani shugaban makiyaya a matsayin wai 'yar manyan gida ce. Kai jarumin da aka yi annabcin zuwansa, kai ne da cinikin mutum. Kuma daular da take mulkinsu ta haramta bauta a ko'ina amma ta bar musu tasu, don yana cikin sharuɗɗan sulhun da suka yi da sarkin daular, Tiber Septim. Akwai wata ƙungiyar ɓoye, Twin Lamps, masu taimakon bayi su gudu, su ma a cikin ƙasar suke. Ka ga ba a taru an zama ɗaya ba.

Masu kisan da ka ambata su ne Morag Tong. Takardar izini ake ba ka, ka kashe mutum da rana tsaka, dogari ya zo ka miƙa masa takarda ya ba ka hanya. Dalilinsu wai gara manyan gidaje su riƙa kashe juna ɗaya-ɗaya da a yi yaƙin basasa. Manyan gidajen nan kowanne da halinsa, Redoran mayaƙa masu ji da mutunci, Hlaalu 'yan kasuwa masu cin hanci da sulhu da kowa, Telvanni kuma, mutanena, matsafa ne da suke zaune a cikin hasumiyar naman kaza, wasunsu sun shekara ɗaruruwa, a wurinsu in ka kashe abokin gardamarka to hujjarka ce ta fi ƙarfi. Hasumiyar tasu ko matakala babu, in ba ka iya tashi sama da sihiri ba to ba ka isa ganin maigidan ba. Don Allah ka gaya min wane Nord ne yake da irin wannan izza.

Sannan asalin launin nasu. Da can fatarsu ruwan zinariya ce, sunansu Chimer. Mashawartan sarkinsu Nerevar su uku, Vivec da Almalexia da Sotha Sil, suka karya alkawari suka yi amfani da wata zuciya da ke ƙarƙashin Jan Dutse suka mai da kansu abin bauta, sai Azura, wata abar bautarsu, ta tsine wa ƙabilar gaba ɗaya, fata ta koma toka ido ya koma ja. Wa ya kashe Nerevar? Gem ɗin bai taɓa yanke maka hukunci ba. Malaman haikali suna da nasu labarin, makiyayan jeji suna da nasu, Vivec da kansa yana magana biyu, yau fiye da shekara 20 mutane suna musu a kai a intanet kamar tarihin kakanninsu ne.

To bayan duk wannan sai dutsen ya yi aman wuta a shekara ta 5 ta zamani na huɗu, ƙasar ta ƙone, Argonian da aka bautar suka taso daga kudu suka rama. Skyrim a shekara ta 201 yake faruwa, wato waɗanda ka gani a Windhelm 'yan gudun hijira ne da suka kusa shekara 200 a tsugune a garin mutane. Ka koma ka lura da kyau, matar nan da ka tausaya wa a bakin ƙofa, a ofishin gidan Shatter-Shield take aiki a tashar jiragen ruwa, gidan da suke biyan leburori Argonian ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, su Argonian ɗin ma ko cikin ganuwa ba a bari su kwana. Wanda aka danne shi ma yana da wanda yake tsaye a kansa.

Abin da nake so ka gane, in ka ɗauki Nord ka samu jarumi. In ka ɗauki Dunmer ka samu dangi da gado da abin kunya da abin alfahari, tun kafin ka ɗaga takobi akwai bashi a wuyanka. Kana iya zama wanda yake kare al'adar, kana iya zama wanda ya tsane ta, kana iya zama munafuki a tsakiya. Mutumin kirki daga ƙabilar kirki me zai yi ya ba ka mamaki?

Hajjo_Damagaram ta rubuta:

Sannunku. Baba Telvanni ka yi wa'azi har ka sa na ji kamar in sake sauko da Morrowind, amma bari in kawo muku shaida daga wani gefe wadda za ta faranta wa Kwamanda rai, sannan in ɓata masa.

Ni World of Warcraft na buga shekaru, lokacin ina karatu a waje inda intanet ba ya yankewa, yanzu kam da kuɗin wata-wata da kuran da ke zuwa yana tafiya na haƙura. Gem ɗin ya fito 2004 da ɓangare biyu, Alliance da Horde. Horde a lokacin duk munana ne, orc da troll da masu kan sa da gawarwaki masu tafiya, Alliance kuwa su ne da mutane da Elfawan dare. A Janairun 2007 Blizzard suka fito da Burning Crusade suka ba Horde Elfawan jini, kyawawa sirara masu korayen idanu da gashi kamar na tallan man kitso, kuma su kaɗai ne a Horde suke iya zama faladin, wato mayaƙi mai ƙarfin haske da warkarwa, a lokacin. Kafin ka ce kwabo sun cika ko'ina, sun zama ƙabilar da aka fi ɗauka a ɓangaren. Tsofaffin 'yan Horde har haushi suke ji wai an lalata musu gida da 'yan gayu. A 2018 ma sai da aka ba Alliance wasu Elfawan masu jiki iri ɗaya sak, launi kawai aka sauya. To Kwamanda nan ka ci.

Amma ga inda ban yarda da kai ba. Elfawan dare su ma kyawawa ne ai, kuma ni na fara da su, na kai wani lebul na gaji, kullum bishiya kullum wata kullum nasiha. Elfawan jini kuwa labarinsu na mutanen da masifa ta lalata wa hali ne. Wani yarima mai suna Arthas ya shigo da rundunar matattu ya ragargaza ƙasarsu Quel'Thalas, a labarin kashi 90 cikin 100 suka mutu, ya ƙazantar da rijiyar sihirin da suka dogara da ita, sai a lokacin suka gane ashe duk ƙabilar ta kamu da jarabar sihiri kamar mai shaye-shaye da aka yanke wa kaya. Waɗanda suka kasa daurewa suka koma wasu abin tausayi suna yawo a kango. Da suka je neman taimakon tsofaffin abokansu mutane, aka haɗa su da wani kwamanda mai ƙabilanci, Garithos, ya tura su aikin mutuwa sannan ya ɗaure su zai kashe. Sunan ma Elfawan jini don tunawa da matattunsu suka sa wa kansu.

To daga nan suka ce ba za su sake roƙon kowa ba. Suka koyi tsotsar sihiri daga jikin wasu halittu. Faladin ɗinsu na farko ba addu'a suke yi a ba su haske ba, wata halitta mai tsarki ce mai suna M'uru aka kamo aka ɗaure a ƙarƙashin gini a babban birninsu Silvermoon suna zuƙar ƙarfinta da tsiya. Ranar da na fara sauka ɗakin nan na gan ta a rataye ana ja, wlh sai da na ajiye linzamin kwamfuta na yi shiru, don ƙarfin da nake warkar da abokaina da shi daga nan yake fitowa. Kuma birnin a sama fes, jan kyalle da zinariya, tsintsiya tana shara da kanta, amma in wani ya tsaya a dandali yana sukar shugabanni sai ka ga an zo an juya masa tunani da sihiri ya koma yabo. Gida mai kyan ƙofa ciki kuwa sai Allah.

Ni abin da ya riƙe ni shi ne ina iya fahimtar kowane mataki da suka taka, ban ce daidai ba ne, amma na san daga ina ya fito. Mugun da aka haifa mugu ba ya ba ni sha'awa ko kaɗan. Daga baya ma shugabar faladin ɗin, Liadrin, ta tuba, aka farfaɗo da rijiyar, idanun wasunsu suka koma ruwan zinariya, kuma in gaya muku gaskiya tun da suka shiryu daɗinsu ya ragu hhh.

Abu_Hanifa_Kumasi ya rubuta:

Ni kam akwai abin da yake ci min tuwo a ƙwarya game da zancen nan kuma na ga kowa ya tsallake shi. Ku duba launin fata mana. Elf nagari fari sol, elf mugu baƙi. A Dungeons & Dragons, wasan tebur ɗin da ya fito 1974 wanda kusan duk gem ɗin nan daga gare shi suka sha nono, Elfawan da ake kira drow baƙaƙe ne masu farin gashi, suna zaune a ƙarƙashin ƙasa, suna bauta wa wata gizo-gizo mai suna Lolth, suna cin amanar juna, kuma shekara da shekaru littafin dokokin wasan yana rubuta su a miyagu tun daga haihuwa. Dunmer ɗin da Baba yake yabo ma, da bakinsa ya ce tsinuwa ce ta mai da su baƙaƙe. Tsinuwa fa. Mu da muka san irin tatsuniyoyin da aka yi amfani da su a kanmu don halatta cinikin bayi, wannan ba ƙaramar magana ba ce, ni ina zaune a ƙasar da kurkukun bayi na Elmina da Cape Coast suke tsaye har yau.

Ban ce masu buga drow 'yan wariya ba ne, ni kaina na buga. Kamfanin da ya mallaki wasan, Wizards of the Coast, su da kansu a 2020 suka fito suka ce za su daina nuna drow da orc a matsayin miyagu gaba ɗaya, kuma zanen fatar ma yanzu ya koma toka-toka da shuɗi-shuɗi. In babu rami me ya kawo zancen rami.

Amma in zan yi adalci, wataƙila wannan ɗin ma yana cikin amsar tambayar Ɗan Fagge. Shahararren drow a duniya shi ne Drizzt, wanda ya bayyana a wani littafin labari a 1988, kuma duk labarinsa shi ne ya gudu daga mutanensa ya fito sarari, yana aikin alheri amma duk garin da ya je ana rufe masa ƙofa saboda fuskarsa. Bayansa sai da teburan wasa suka cika da drow nagari masu gudun gida har abin ya zama abin barkwanci. Wato da yawan masu ɗaukar muguwar ƙabila ba mugunta suke so su yi ba, so suke su zama na kirki ɗaya tilo a cikin miyagu, a yi musu mummunan zato su kunyata mai zaton. Duk wanda aka taɓa ware shi a layin filin jirgi saboda launin fasfonsa ya san daɗin wannan mafarkin.

Baba_Telvanni ya rubuta:

Malam Abu ban musa maka ba, maganar drow gaskiya ce tsantsa. Na Dunmer dai zan ɗan kare, toka ce ba baƙi ba, launin tokar dutsensu, kuma baƙaƙen mutane na ainihi a duniyar su ne Redguard, waɗanda aka ba su a matsayin gwanayen takobi na duk nahiyar. Kuma mafi munin Elfawa a Skyrim ai masu ruwan zinariya ne, Thalmor, da suke bin gida-gida suna kama masu bautar Talos, abin bautar da Nord suke ji da shi. Amma kalmar tsinuwa ɗin kam, eh, ni ma tana yi min wani iri.

Maman_Ikram ta rubuta:

Ku duk kun tafi da nisa, Amurka da Turai, alhali amsar tana tsakar gidan kakarku. Wa kuka fi so a tatsuniya? Gizo. Maƙaryaci, mai haɗama, ya cuci kura ya cuci zaki ya cuci matarsa Ƙoƙi, ga tsamin baki, amma in aka ce gatanan gatananku aka fara da Gizo yara har matsowa suke yi. Wa ya taɓa roƙon a ba shi labarin Ƙoƙi ita kaɗai? Tana da hankali tana da haƙuri, shi ya sa ba ta da labari. Kuma ba wanda ya tashi ya zama ɓarawo don ya ji tatsuniyar Gizo, ana ƙarewa a ce ƙurunƙus kowa ya je ya kwanta. Har na yi dariya da Malam Abu ya ce drow gizo-gizo suke bauta wa, ashe dangi ne.

Ni Baldur's Gate 3 nake bugawa yanzu, na kamfanin Larian na Beljiyam da ya fito 2023, in yara sun yi barci, maigidan yana ta mita wai na cinye masa wuri a PS5. Drow na ɗauka kuma ba zan ɓoye ba daɗinsa daban ne. Ka iso ƙauyen da goblin, wasu ƙananan dodanni, suka yi kwanton ɓauna, wani sai ya yi faɗa ko ya yi ta lallashi, ni kuwa suna ganin fuskata jikinsu ya hau rawa suna ba ni hanya suna ranki ya daɗe. Mutanen kirki kuma su riƙa ja da baya suna riƙe 'ya'yansu. Duniyar tana amsa maka, ta san ko kai waye, mutum ɗan Adam kuwa babu mai ko ɗaga kai ya kalle shi. Macen da ta yini tana ba wa kowa haƙuri, daga wurin aiki har dangin miji, a bar ta ta yi awa biyu ana tsoronta mana.

Amma ga abin dariyar. Akwai Minthara, drow ce faladin, muguwa ta gaske, kuma da farko in kana so ta bi ka sai ka taya ta kai hari kan 'yan gudun hijira har da yaransu. Mutane suna son ta amma sun kasa aikata hakan, sai suka ɓullo da dabara, su mai da ita tunkiya da sihiri su yi ta wahalar jan ta zuwa babi na gaba. Da Larian suka ga abin ya yi yawa sai suka gyara a wani ofdet, yanzu kana iya sumar da ita kawai ka same ta daga baya. Ni ma haka na yi. Na ɗauki ƙabilar da ake tsoro, na sa baƙin sulke, na zaɓi murya mai sanyi mai ban tsoro, sannan na kwashe dare ina neman yadda zan ceci kowane yaro a sansanin, ɗaya ya mutu na koma sebin na awa biyu baya.

Kwamanda_Lagwada ya rubuta:

To ai kun dawo kan maganata Anti. Kayan mugu kuke so ku saka, aikin mugu kuwa a'a. Kwalliya ce. Ni da na ce zan yi mugunta na yi ta har ƙarshe, na kai harin nan, rabin abokan tafiyata suka watse suka bar ni, na yi kwana biyu ina jin kamar na ci amanar wani a unguwa, ban sake ba hhhh.

Ɗan_Fagge92 ya rubuta:

Kai jama'a na gode, wlh ban zaci abin zai yi tsawo haka ba. Na koma Windhelm jiya da daddare na sauka tashar jiragen ruwan kamar yadda Baba ya ce, na samu ƙadangaren nan da yake ƙorafin albashi, na je na matsa wa Torbjorn Shatter-Shield ya ƙara musu kuɗi, da Nord ɗina kuwa, don haka 'yan majalisarmu su sani tuwo babu miya ma yana maganin yunwa.

Baba Telvanni na samo Morrowind ɗin, amma tun ɗazu ina bakin Seyda Neen wata tsutsa tana cizona na kai mata sara ya fi ashirin ko ɗaya bai same ta ba, sannan wani mutum ya faɗo daga sama ya mutu a gabana da wata doguwar hula. Haka gem ɗin yake ko nawa ne ya lalace?

Baba_Telvanni ya rubuta:

Haka yake ƙanina, lafiyarsa ƙalau. Ka daina gudu kafin faɗa, koren ma'aunin nan na gajiya in ya ƙare ko bango ba za ka samu ba, kuma ka riƙe irin makamin da ka zaɓa tun farko. Ka ɗauki hular. Takardun nan uku da ke jikinsa kuwa kada ka karanta su sai ka yi sebin.